Waiwaye: Tambayar Farkon Halitta, Daga Gajimaren As-Sufi Zuwa Dutsen Zagami

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Gwale sai hasken gari ya fara sauyawa. Ba duhun hadari ba ne, don sama tas take. Rana ce ta yi laushi kamar fitilar da kananzirinta ya kusa ƙarewa, iska ta ɗan yi sanyi a tsakiyar bazara. Mai waldar bakin layinmu ya ba da baƙin gilashinsa ana karɓa-karɓa, mata a cikin gida sun zuba ruwa a baho suna leƙa ranar a ciki, duk da shi ma yana cutar da ido. Ni abin da ya riƙe ni a ƙasa yake. A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ɗige-ɗigen hasken da ke ratsowa ta cikin ganye duk sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, shimfiɗe a kan turɓaya. Can sai lasifikar masallaci ta kira jama'a sallar kusufi.

A Kano ranar ba ta rufe duka ba, saura ƙiris. Cikakkiyar inuwar ta bi ta wajen Katsina, ta shiga Nijar, ta nufi Libiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun kafin ranar an faɗa a rediyo, da ranar da sa'ar, kuma haka aka yi. Da yamma kakata, Allah Ya jiƙanta, ta ce mini, "Kai ɗan nan, wa ya gaya musu?" Na ce, "Kaka, lissafi ne." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To in lissafi ya kai nan, ina ya tsaya?" Sawun tambayar nan tata nake so in bi.

Kallon sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da Zara matar wata da ke fitowa da magariba, muna da Gamzaki na asuba, kuma su biyun abu ɗaya ne, duniyar da Larabawa ke kira Zuhura, wadda wani lokaci take bin rana a baya, wani lokaci ta riga ta fitowa. Muna da kaza da 'ya'yanta, wato Surayya. Malaman zaure suna da lissafin manzilolin wata 28, irin su Dabaran da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne kwana 13, ɗaya kwana 14, a haɗa a sami kwana 365, kuma da su manomi ke tambayar inda damina ta kai. Ƙasar nan ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya cuce mu, a ganina, shi ne falaki ya cakuɗe da duba a idon jama'a, mai tsoron Allah ya ja baya daga duka biyun. Alhali Manzon Allah (SAW) ya raba su tun ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Babbar tambayar ita ce: halitta, wato sama da ƙasa da abin da ke tsakaninsu, tana da farko, ko dama can tana nan? Arisɗo, masanin Girka, ya ce ba ta da farko. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya karkata can, yana cewa Allah ne sababinta amma ba a wani lokaci ta fara ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tashi haiƙan ya yi musu raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa, kuma mas'alar da ya fara da ita ke nan. Ibn Rushd na Andalus ya mayar masa da martani. Duk da kaifin hankalinsu, muhawara ce ta hujja da hujja, babu mai abin awo a hannu.

Amma tun a shekarar 964 wani masanin taurari na Farisa, Abdurrahman as-Sufi, ya rubuta a littafinsa na taurari cewa akwai wani ɗan gajimare a arewacin sama wanda ba ya gushewa. Shekara fiye da 900 ana ganin abin nan ba a san mene ne ba. Har farkon ƙarni na 20 masana da yawa suna ɗaukar gungun taurarinmu, farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, shi ne halitta baki ɗayanta.

Wata mata ce ta samar da ma'aunin. Henrietta Leavitt, mai aikin duba hotunan sama a Jami'ar Harvard, ta nuna a 1912 cewa akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma tsawon lokacin da tauraro ke ɗauka kafin ya zagayo yana bayyana ainihin ƙarfin haskensa. In ka san ƙarfin fitila, ka ga yadda ta dushe daga inda kake, ka san nisanta. A watan Oktoba 1923 Edwin Hubble ya hango irin wannan tauraro a cikin gajimaren As-Sufi, da na'urar hangen nesa ta dutsen Wilson a Kalifoniya, mai madubin da faɗinsa ya kai mita 2.5. Da ya buga lissafi sai ga shi abin yana can waje da gungunmu, gungu ne mai zaman kansa. Shi ake kira Andromeda. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake yi. Na kaza da 'ya'yanta da muke gani yau ya baro can shekara kusan 440 da suka wuce, ƙasa da shekara 100 bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Na Andromeda kuwa shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Einstein ya fitar da nazariyyarsa kan ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa a 1915, amma da lissafin ya nuna masa sarari ba zai tsaya cik ba, sai ya ƙara wani adadi a 1917 don ya tsayar da shi. Alexander Friedmann na Rasha a 1922, da Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, a 1927, suka nuna cewa sararin na iya faɗaɗa. A 1929 Hubble ya kawo awo: gungun da ya fi nisa shi ya fi saurin nisanta da mu. Misalinsa kwaɓin fulawa ne da aka cuɗa da riɗi aka sa masa yis. In ya tashi, kowace ƙwayar riɗi tana nisa da 'yar uwarta, ba don tana tafiya ba, kwaɓin da ke tsakaninsu ne ke kumbura. To in yau ana nisanta, jiya an fi kusa. Lemaître ya bi zaren nan baya, ya ce a 1931 komai ya taso ne daga matsatsi guda.

Ba kowa ya yarda ba. Fred Hoyle na Ingila ya tsaya kan cewa halitta ba ta da farko, kusan maganar Arisɗo a sabuwar riga, kuma shi ne ya laƙaba wa ra'ayin abokan hamayyarsa sunan Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949. Abin da ya raba gardamar wata 'yar ƙara ce. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata babbar eriya a jihar New Jersey, sai suka riƙa jin shuuu daga kowace kusurwa ta sama, dare da rana. Suka zargi tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyar, suka kore su, suka goge kashinsu, ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon halitta ne, hasken da ya kuɓuce shekara kusan 380,000 bayan farawa, wanda ya huce har ya kai digiri 270 ƙasa da daskarewar ruwa. Wanda ya taɓa kunna tsohuwar talabijin mai eriya bayan an rufe tasha, ya ga ɗige-ɗigen nan fari da baƙi, ɗan kaɗan daga cikinsu wannan hasken ne. An ba mutanen biyu kyautar Nobel a 1978. Awon da tauraron ɗan'adam na Planck ya bayar a 2013 ya sa shekarun halitta a biliyan 13 da miliyan 800.

A nan nake so in ɗan daɗe, don nan ne muke rabuwa biyu a majalisu da Facebook. Wasu su ce duk ƙaryar Turawa ce. Wasu su jawo aya ta 47 ta Suratuz Zariyat, mai maganar gina sama da yalwatawa, da aya ta 30 ta Suratul Anbiya, mai cewa sammai da ƙasa a haɗe suke sai aka raba su, su ce ai dama muna da shi, magana ta ƙare. Na farko sun yi watsi da gadon As-Sufi ba su sani ba. Na biyu ina fahimtar farin cikinsu, ni ma tsigar jikina na tashi in na karanta ayoyin, amma ina jin tsoron a ɗaure imani a jikin adadin da gobe awo zai iya gyarawa. Lissafin Hubble na farko ya ba halitta shekara kusan biliyan 2 ne kawai, ƙasa da shekarun ita kanta ƙasar da muke takawa, sai da aka gyara ma'aunin. Yau ma hanyoyi biyu na auna saurin faɗaɗar ba su daidaita ba, kowace da adadin da take bayarwa. Shi kansa Lemaître, da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana kafa hujja da nazariyyar, bai ji daɗi ba, ya nemi a bar kowanne a muhallinsa. Tafsiri na malamai ne, da ƙa'idojinsa. Awo kuma sai wanda ya ɗauki ma'auni. Damuwata ita ce a wannan fagen na biyu mun koma 'yan kallo, alhali ayoyin da ke umartar a dubi sama mu muke karanta su kullum.

Amsar tambayar kakata kuwa, lissafin ya nuna iyakarsa da kansa. Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurari na gudun da nauyin abin da ake gani ba zai iya riƙe su ba, Vera Rubin ta ƙarfafa hakan a shekarun 1970. A 1998 ƙungiyoyin masana biyu suka gano cewa faɗaɗar ba raguwa take ba, ƙaruwa take. Yanzu ƙiyasin shi ne duk abin da aka sani, taurari da duwatsu da jikinmu, kashi 5 ne cikin 100. Kashi 27 ɓoyayyen abu ne da ake gane shi ta jan da yake yi, kashi 68 ɓoyayyen ƙarfi ne mai tura sarari. Suna aka ba su, ba a kama su ba. Kuma lissafin Einstein yana karyewa in aka matsa zuwa ainihin lokacin farawa.

Ta fuskar gaba, rana ta yi shekara biliyan 4.6, tana da sauran makamashin kusan biliyan 5 kafin ta kumbura ta yi ja, kuma tun kafin nan zafinta zai ƙafar da tekuna. In faɗaɗar ta ci gaba haka, taurari za su ƙare ɗaya bayan ɗaya, a bar sanyi da duhu. Wannan hasashen lissafi ne, sanin ranar Alƙiyama na wurin Allah. Abin da ya fi kusa da mu shi ne duwatsun da ke yawo a sarari. Ɗaya ya faɗa Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, ya shafe yawancin nau'o'in halittun zamanin. Wani mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, galibi daga fasassun gilasai. A watan Satumba 2022 hukumar NASA ta kai wa wani dutse mai suna Dimorphos karo da kumbo da gangan, ta rage lokacin da yake ɗauka yana zagaya wani dutsen da ya fi shi girma da kusan rabin sa'a, karo na farko da ɗan'adam ya karkatar da wani abu a sama.

Mu ma sama ta taɓa aiko mana. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da wani manomi. Daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓalle. An yanka shi gunduwa-gunduwa, yana ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashe da dama. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam mai suna NigeriaSat-1 a 2003, amma na sha tambayar matasa a Kano labarin dutsen Zagami, da wuya in sami wanda ya taɓa ji.

A watan Nuwamban bara, wani dare da aka ɗauke wuta kuma hazo bai sauko ba, na hau soro da ɗana mai shekara 11. Na nuna masa kaza da 'ya'yanta ta gabas, muka juya arewa muna neman gajimaren As-Sufi. Hasken janareto da na motocin titi sun cinye rabin saman, muka daɗe muna lalube. Na ce ya daina kallon wurin kai tsaye, ya kalli gefe kaɗan. Can ya damƙe hannuna ya ce, "Abba, ga shi, kamar an shafa alli an goge." Ya tambaya ko akwai na'urar hangen nesa a makarantarsu ta gaba da zai shiga. Washegari na je Sabon Gari na fara tambayar kuɗin ƙarama.