Aikin jinya a asibitin mishan a Nijar: tambayoyin da na gaji da amsawa

Shekara uku na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin mishan a jihar Tawa, daga 2021 zuwa 2024. Tun da na dawo Gombe, ba a yi sati ƙannena a aikin nan ba su tare ni da tambayoyi iri ɗaya ba: a gidan biki, a ɗakin canza kaya, shekaranjiya har a Tudun Hatsi ina awon masara. To ga su na rubuta. Duk wadda ta sake tambaya, nan zan turo ta.

Anti, Nijar ɗin ma ƙasar waje ce?

Akwai boda, akwai jandarma, kuɗinsu daban. Ƙasar waje ce. In dusar ƙanƙara kike nema, ki tambayi wata.

A Galmi kika yi?

A'a. Galmi babban asibiti ne na mishan ɗin SIM, tun 1950 yake, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Can muke tura waɗanda suka fi ƙarfinmu, musamman masu buƙatar tiyata. Masu yoyon fitsari kuwa Danja, kusa da Maraɗi, inda aka buɗe musu cibiya a 2012. Namu ƙarami ne, kuma ba zan kama suna ba.

Sai na iya Faransanci?

Marasa lafiya Hausa suke yi, takardu kuwa Faransanci. Katin magani, rahoton wata-wata da ake kai wa hukumar lafiya, sunan cuta, duk da shi. Za ki koya dole, kuma ba wuya sosai, sunayen magani kusan ɗaya ne.

Abin da zai kayar da ke Hausar ce, don kin ɗauka kin iya. A can "likita" asibiti ne, shi likitan "lokotoro". Maleriya "palu". Sai lissafin kuɗi, wanda da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar. Satina na farko wata mata da goyo ta tambaye ni kuɗin kati, na duba takarda na ga 500, na ce mata ɗari biyar. Ba ta ce uffan ba, ta gyara goyo ta kama hanyar ƙofa. Dattijon da ke yanka kati ne ya bi ta da gudu yana "dala ɗari ne, dala ɗari ne, baƙuwa ce!" A kunnenta sefa 2,500 na ce. Yaron na fama da zazzaɓi, kuma saura kaɗan in kore shi da bakina. Dubu ɗaya jika ce. Ki haddace kafin ki tashi.

Za su mai da ni Kirista?

Wannan ita ce tambayar da iyaye suke aiko ku da ita, na sani, baffana ma sai da ya yi min. Mishan mishan ne, ba sa ɓoyewa. Da safe ma'aikata Kiristoci suna addu'arsu, akwai fasto mai zaga ɗakunan marasa lafiya. Ni na yi sallata, na yi azumina uku a can, da hijabina nake aiki, ba wanda ya taɓa ce min kanzil. Kusan duk marasa lafiyar Musulmi ne. Kuma don Allah a bar nuna kamar yau aka fara: tsofaffinmu nawa aka kai asibitin ido na ECWA a Kano aka cire musu yana, suka dawo da carbinsu a hannu? In kin san zuciyarki ba za ta natsu ba, kada ki je, ba laifi ba ne.

Yaya aikin yake a yini?

Ya danganta da wata. Da rani, daga Maris zuwa Mayu, zafi ne da sanƙarau da ƙyanda. Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa ba a magana: maleriya da tamowa suna zuwa tare, don lokacin rumbu ya ƙare, sabon gero bai shigo ba. Kafin bakwai na safe layi ya kai bakin titi, wasu a amalanke aka kawo su tun dare. Ki ɗaura wa yaro ma'aunin damtse, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kin san inda za a kai shi. Ki duba cikin idonsa, fari fat, babu jini. Sai neman jijiya a hannun da bai fi yatsanki biyu ba, wani lokaci a ka ake samu. Sannan lallashin uba ya ba da jini, wanda aiki ne na kansa, don ya ce in an ɗiba ba zai iya noma ba.

Babu wani "wannan ba aikina ba ne". Ke ce nas, ke ce mai fassara wa Baturiyar likita, ke ce mai ƙirga safar hannu da daddare. Gado biyu yara uku. Duk wadda ta saba a babban asibiti ta rubuta a kira wani, za ta sha mamaki.

Nawa ne albashi?

Ba zan faɗa ba. Ya ciyar da ni, bai gina min gida ba.

Ina da aikin gwamnati a nan. In ajiye in tafi?

To, a nan zan zauna, don ita ce kaɗai tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma amsar ba ɗaya ba ce.

In sabuwar gamawa ce ke, ba ki da aiki, ba miji, ba 'ya'ya, kina zaman jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata, zan iya cewa ki je, shekara biyu a can za ta ba hannunki abin da biyar a nan ba za ta ba shi ba. Amma ko ke, sai da takardar yarjejeniya a rubuce: wa ke biyan ki, da wane kuɗi, wa ke ba da ɗaki, wa zai nema miki izinin aiki wurin hukumar lafiyarsu. Lasisinki na hukumar nas-nas ta Najeriya shaida ce cewa kin yi karatu, ba izinin aiki a wata ƙasa ba ne. Asibitin ne ya kamata ya tsaya miki a kan wannan. In suka ce ki zo kawai za a daidaita daga baya, ki zauna a gidanku.

In kuwa kina kan matakin albashi, fansho na tafiya, to ki yi a hankali. Ki fara neman hutu ba albashi, a rubuce, ta hannun shugabarki. Wasu an ba su, wasu an hana, ya danganta da ƙarancin ma'aikata a inda kike da kuma wanda takardar ta faɗa hannunsa. In gwamnati ce ta biya miki karatu kika sa hannu kan za ki yi mata aiki, sai kin cika shekarun. Kada ki yi abin da wasu ke yi, su bar suna a takardar albashi su ɓace. Ranar tantance ma'aikata tana zuwa. Kuma ki ci gaba da sabunta lasisinki na gida ko kina can, kada ki dawo ki tarar ya mutu.

Batun kuɗi shi ke ruɗin mutane. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, abin da nake aiko wa Inna ya yi kauri ba tare da an ƙara min ko dala ba, sai kowa ya ɗauka na yi arziki. Amma a shekarar ce sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli, aka rufe boda, Najeriya ta yanke musu wuta. Wata da watanni ban ga gida ba, magani ya yi wuya, janareto ya koma sai lokacin haihuwa da tiyata. Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Kuma tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, don haka abin da na tsallaka da shi a 2021 kada ki ɗauka shi zai tsallakar da ke. Ki yi fasfo, ki riƙe katin rigakafin shawara, ki sa asibitin ya faɗa miki abin da ake nema a watan da za ki tafi. Mai 'ya'ya a makaranta kuma ta tuna karatun can da Faransanci ne.

Da ni ce mai aikin gwamnati da yara uku, da ban ajiye ba. Amma ni ba ke ba ce.

Turawan za su kai ni Amurka?

A'a. Su ma barowa suka yi.

Akwai tsaro?

Mu baƙaƙe 'yan Hausa mun fi sajewa. Turawa ake hari, kamar Ba'amurken da aka sace a Masalata kusa da Ƙonni a Oktoban 2020. Gaskiya hanyar Katsina zuwa Jibiya da ta Sakkwato zuwa Illela sun fi tayar min da hankali fiye da zaman can. Kada ki yi tafiyar dare, shi ke nan. Ki kwantar da hankalin Mama.

Me ya fi miki wuya?

Wani dare a Satumba, na'urar oksijin ɗaya ce ke aiki, yara biyu na numfashi sama-sama. Likita na ɗakin haihuwa da mai jijjiga. Na raba bututun biyu, na zauna a tsakaninsu da tocilan a baki har asuba. Uwar ɗayan, da gari ya waye, ta goya shi kamar mai barci, ta ce min "sannu da ƙoƙari, 'yata," ta nufi tasha, don in direba ya gane gawa ce kuɗin mota zai ninka. Ɗayan ya tashi, ya sha kunu da rana.

Za ki haɗa ni da su?

Ki fara kawo min takardar hutunki da sa hannu, da yardar gida. Sannan mu yi magana.