'Yan Asalin Arewacin Amurka a Dandali da Fina-finai

'Yan asalin Arewacin Amurka, irin su Lakota da Navajo da Inuit, sun daɗe suna fitowa a dandalin wasa da majigi, sai dai shekara da shekaru wasu ne ke tsara yadda za a nuna su. Wani abin mamaki, a zamanin da hukuma ke hana su bukukuwansu na gargajiya ne aka riƙa biyan su su yi rawa gaban 'yan kallo. Kanada ta haramta potlatch, bikin gargajiya na rabon kyaututtuka, daga 1885 har 1951. A shekarar 1885 ɗin ce kuma Sitting Bull, jagoran Lakota, ya shiga tawagar wasan Buffalo Bill mai yawo gari-gari.

Fina-finan kaboyi suka gaji wannan siffa: mutum bisa doki, gashin tsuntsu a ka, sai ihu, maganarsa ba ta wuce kalma uku. Ɗaruruwan al'ummomi masu harsuna daban-daban aka yi musu kuɗin goro. Babban matsayi kuwa sau da yawa Bature ake shafa wa launi ya hau. Iron Eyes Cody, da ya ƙare rayuwarsa yana fitowa a ɗan asalin ƙasar, iyayensa 'yan Italiya ne. Hatta Nanook of the North na 1922, fim kan wani mafarauci ɗan Inuit da aka tallata a matsayin rayuwa ta zahiri, akwai shiri a ciki: an sa mafaraucin ya ajiye bindigarsa ya ɗauki mashi.

'Yan wasan ma ba kanwar lasa ba ne. A fim ɗin Cheyenne Autumn na 1964, 'yan Navajo da aka ɗauka su fito a 'yan ƙabilar Cheyenne sun riƙa sakin barkwanci da harshensu a wuraren da ake son alhini, masu shirya fim ba su ji ba, 'yan'uwansu na sheƙa dariya a gidan sinima.

Sauyi na gaske ya zo da kyamara ta koma hannunsu. Chris Eyre, ɗan asalin ƙasar, ya ba da umarnin fim ɗin Smoke Signals a 1998. A 2001 Zacharias Kunuk ya fitar da Atanarjuat, tsohon labarin Inuit da harshensu na Inuktitut, ya kuma ci kyautar Caméra d'Or, wadda ake ba fim ɗin farko na mai ba da umarni, a bikin fina-finai na Cannes ta Faransa. A 2024 'yar wasa Lily Gladstone ta karɓi kyautar fina-finai ta Golden Globe, ta buɗe jawabinta da harshen ƙabilarta ta Blackfeet.