Garambawul ga shirin tallafa wa talakawa: me kalmar take nufi?

Kwanakin nan da wuya a ambaci tallafin masu ƙaramin ƙarfi a rediyo ba ka ji kalmar garambawul ta biyo baya ba. An rage kuɗin shirin, a ce garambawul. An sauya masa suna da tambari, garambawul. An soke shi ɗungurungum, nan ma mai karanta labarai ya ce gwamnati ta yi masa garambawul. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai.

Mai kalmar nan na ainihi bakanike ne. Idan mota ta fara shan baƙin mai, tana tuƙa hayaƙi, tudu ya gagare ta, sai ya ce injin na son garambawul. Ya sauke shi, ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ya jera kayan a gabansa, ya wanke, ya duba fistin da ringi. Wanda ya cinye ya canza, mai kyau ya mayar da shi mazauninsa. Sannan ya ɗaure, ya ɗora, ya tayar, ya tsaya yana kasa kunne ga kukan injin. Mai mota kuwa ba zai yarda an gama ba sai ta ɗauki kayan da ya saye ta dominsu ta haye tudun nan. Wanda ya kwance inji ya bar shi a ƙasa bai yi garambawul ba, ko da wane suna ya kira aikin.

Ba na musun cewa shirye-shiryen tallafi suna lalacewa. Sunayen bogi suna shiga rajista, masu hali su karɓa, mabuƙata su koma gida hannu rabbana, ma'aikatu uku su riƙa biyan gida ɗaya alhali maƙwabcinsa ba wanda ya san da shi. Irin wannan Brazil ta gyara a 2003, zamanin Shugaba Lula. Ta haɗe ƙananan shirye-shirye huɗu suka zama ɗaya, Bolsa Familia, bisa rajista guda ta gidajen talakawa. Kuɗin yana shiga kati, galibi da sunan uwa, da sharaɗin yara su je makaranta kuma a yi musu allurar rigakafi. An kwance, an mayar, kuma miliyoyin gidaje suka ci gaba da karɓa.

Amurka ma ta kira nata garambawul. A Agustan 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin tsohon shirin tallafin iyalai masu yara. Aka gindaya sharaɗin aiki, aka ce kuɗin tarayya ba zai wuce shekara biyar ba a rayuwar mai karɓa, aka miƙa wa jihohi dunƙulallen kuɗi, dala biliyan 16.5 a shekara, su tsara yadda suka ga dama. Masu goyon bayan dokar suna nuna yadda iyaye mata da yawa suka kama aiki a shekarun farko, kuma hakan ya faru, sai dai lokacin tattalin arzikin ƙasar yana bunƙasa. Abin da ba na yarda a ce shi ne raguwar masu karɓa ita ce shaidar nasara, domin mutum yana iya fita daga rajista bai fita daga talauci ba. A 1996, cikin kowane gida ɗari na matalauta masu yara, 68 suna samun tallafin. Zuwa 2020 sun koma 21. Dunƙulallen kuɗin nan kuwa ba a ƙara shi ba tun da aka ƙayyade shi, tsadar rayuwa tana ta zaftare darajarsa shekara bayan shekara, kuma jihohi da dama sun karkatar da kaso mai yawa nasa zuwa wasu ayyuka da ba kuɗin hannu ga iyalan ba.