An ƙi ba ni shaidar zama ɗan Amurka saboda tsohuwar matsalar biza: tambayoyi da amsoshi

Shekaruna bakwai da katin zama na dindindin. Me ya haɗa bizar da na shigo da ita tun can baya da neman zama ɗan ƙasa?

Sashe na 318 na dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ya shardanta cewa ba a ba mutum shaidar zama ɗan ƙasa sai ta halastacciyar hanya ya samu izinin zama na dindindin. Saboda haka jami'in USCIS, hukumar da ke kula da zama ɗan ƙasa da shige da fice, da ke duba N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, ba ya tsayawa kan shekaru biyar na ƙarshe, yakan buɗe fayil ɗin mutum tun daga takardar bizarsa ta farko. Idan ya gano cewa an bayar da katin bisa bayanin ƙarya, kai ko da bisa kuskuren hukumar ne, to a idon doka tamkar ba a taɓa samun katin ta hanyar da ta dace ba.

Shin duk matsalolin biza nauyinsu ɗaya?

A'a, kuma nan ne ya kamata mutum ya karanta wasiƙar ƙin da aka aiko masa da natsuwa. Wanda ya shigo da biza ta gaskiya, ya wuce wa'adinsa, sannan ya samu katin ta hanyar aure da ɗan ƙasa ba tare da ya fita ba, doka ta yafe masa wannan wuce wa'adin. Wanda kuwa ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, haramcin dawowa na shekara 3 ya hau kansa, idan zaman ya kai shekara guda haramcin ya zama na shekara 10, kuma dawowa cikin wannan lokaci ba tare da an yi masa afuwa ba yana iya ɓata katin.

Mafi tsanani ita ce ƙarya kan abin da zai iya sauya hukuncin jami'i, domin haramcinta ba ya ƙarewa da wucewar shekaru. Misalin da ya shafi mutanenmu shi ne cacar biza, wato ba da bizar zama na dindindin ta hanyar ƙuri'a, wadda 'yan Gana da Nijar da Kamaru suka daɗe suna shiga, 'yan Najeriya ma sun shiga kafin a cire su daga zagayen 2015. Ƙa'idarta ita ce a rubuta mata ko miji da duk 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba. Sau da yawa ejan ne ya cike fom ɗin a shagon intanet ya rubuta cewa mutum gwauro ne, sai bayan shekaru, ranar da ya lissafa 'ya'yansa a N-400, kwanakin haihuwarsu su tona abin. Cewa ejan ne ya rubuta hujja ce mai rauni, tunda mai neman ya sake rantsuwa a gaban jami'in ofishin jakadanci.

Kwana nawa nake da su don mayar da martani?

Kwana 30 ne, ko 33 idan ta gidan waya aka aiko hukuncin. A cikinsu ake shigar da fom N-336 don neman a sake sauraron batun, kuma wani jami'i daban ne zai duba, wanda aka yarda a kawo masa sababbin shaidu da hujjar lauya a rubuce. Idan shi ma ya ƙi, akwai kwana 120 na kai ƙara kotun tarayya ta gunduma, inda alƙali ke duba batun daga tushe ba tare da ra'ayin hukumar ya ɗaure shi ba. Yana da kyau a nemi kwafin fayil ɗin ta dokar 'yancin samun bayanai, amma kada a jira isowarsa har wa'adi ya wuce.

Ba zai fi sauƙi in sake cike sabon N-400 ba?

Ya danganta da dalilin ƙin. Idan an ce mutum bai cika sharaɗin kyakkyawan hali ba a cikin shekaru biyar da ake ƙirgawa, ko uku ga mai aure da ɗan ƙasa, jira da sake nema yana iya yin amfani. Idan kuwa an ce asalin katin ne bai inganta ba, sabon fom zai tarar da fayil ɗin nan da amsar nan, sai asarar kuɗi kawai.

Za su iya ƙwace katin nawa?

Ƙin shaidar zama ɗan ƙasa shi kaɗai ba ya soke katin, amma hukumar tana da ikon tura mutum gaban alƙalin shige da fice don neman a fitar da shi. A wannan kotu akwai afuwa ta sashe na 237(a)(1)(H) na dokar shige da fice ga wanda aka samu da ƙaryar biza, muddin yana da mata ko miji, ko iyaye, ko 'ya'ya 'yan ƙasa ko masu katin dindindin, kuma alƙali ne ke da zaɓin bayarwa ko hanawa. Wanda wasiƙarsa ta ambaci zamba ya nemi lauyan shige da fice mai lasisi kafin ya rubuta wa hukumar ko kalma ɗaya, ya kuma dakatar da tafiya gida har lauyan ya karanta fayil ɗin, domin ranar dawowa ana iya tayar da maganar a filin jirgi ma.