Halitta da Rayuwar Karkara a Rubutattun Waƙoƙin Amurka

Daji, gona, koguna, tsuntsaye da sauyin yanayi suna daga cikin jigogin da suka fi daɗewa a rubutattun waƙoƙin Amurka na harshen Ingilishi. Jigon ya faro tun ƙarni na 17, kuma har yau bai tsufa ba. Abin da ya bambanta shi da yabon karkara kawai shi ne, yawancin waƙoƙinsa masu ƙarfi an rubuta su ne a lokacin da karkarar ke watsewa. A ƙidayar farko ta 1790, kusan mutum 95 cikin 100 a ƙauye suke zaune. Zuwa ƙidayar 1920 mazauna birni sun zarce rabi. Yau waɗanda ke zaune a gonaki ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Mafari

Turawan da suka sauka a yankin New England, a arewa maso gabashin Amurka, sun zo da aƙidar addini mai tsauri, suna kallon dajin da suka tarar a matsayin wurin jarrabawa. Anne Bradstreet, wadda aka buga littafinta na farko a Landan a 1650, ta dubi bishiyoyin kaka da kogi ta ga ayoyin Mahalicci. Bayanta an daɗe ana kwaikwayon sha'iran Ingila, har da sanya tsuntsayen da babu su a Amurka cikin baitoci.

William Cullen Bryant yana cikin waɗanda suka fara kallon ƙasar da idon ɗan ƙasa. A 1832 ya ziyarci 'yan'uwansa a Illinois, ya ga filayen ciyawa da ido ba ya kai ƙarshensu, ya rubuta “The Prairies”. A cikinta ƙugin ƙudan zuma ya zame masa hayaniyar jama'ar da za ta zo ta cika filin. Waƙar kyakkyawa ce, amma tana da gurbin da mai karatu ba zai iya kau da kai daga gare shi ba: a wannan shekarar ce sojoji suka fatattaki Black Hawk, wani jagoran 'yan asalin ƙasa, da mutanensa daga Illinois ɗin, shekara biyu bayan dokar 1830 ta tayar da 'yan asalin ƙasa zuwa yamma. Filin da ya gani fayau ba haka Allah ya bar shi ba.

Concord da abin da ya biyo baya

A 1836 Ralph Waldo Emerson na garin Concord ya fitar da ɗan littafinsa “Nature”, inda ya ce mutum na iya kusantar gaskiya ta hanyar kaɗaita da halitta, ba sai ta coci ko tsoffin littattafan Turai ba. Abokinsa Henry David Thoreau ya gwada abin a aikace, ya zauna a bukka bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847. Ba a waƙa suka fi shahara ba, amma su ne suka share wa sha'irai fage.

Biyu daga cikin waɗanda suka ci gajiyar fagen sun yi hannun riga a salo. Walt Whitman ya buga “Leaves of Grass” a 1855, da dogayen ɗangogi marasa amsa-amo, ya ɗauki ciyawa, wadda ke tsira a gonar mai kuɗi da kan kabarin talaka, ya mai da ita alamar daidaito. Emily Dickinson kuwa kusan ba ta bar gidansu na Amherst ba. Ta busar da tsirrai sama da 400 ta manna a kundi tun tana yarinya, ta bar waƙoƙi kusan 1,800, kaɗan ƙwarai aka buga tana raye. Kallonta na kurkusa ne. A wata waƙa tsuntsu ya sauko kan hanya, ya gutsure tsutsa biyu ya haɗiye ta ɗanya, ya kurɓi raɓa daga kan ciyawa, ya kauce don buzuzu ya wuce. Ba ta ƙawata cin tsutsar ba, kuma nan ne ƙarfinta yake.

John Greenleaf Whittier ya fitar da “Snow-Bound” a 1866, shekara guda bayan yaƙin basasa. Labarin iyali ne da dusar ƙanƙara ta rufe a gidan gona, suna hira a bakin murhu. Lokacin da ya rubuta ta yawancin mutanen cikinta sun rasu, shi ya sa ta ratsa ƙasar da ke cikin makoki.

Robert Frost

Babu wanda sunansa ya manne da jigon kamar Robert Frost (1874 zuwa 1963), ko da yake a birnin San Francisco aka haife shi. Daga 1900 ya yi shekaru yana noma da kiwon kaji a Derry, jihar New Hampshire, ba tare da wata riba ba. Ya sayar da gonar, ya tafi Ingila a 1912, a can aka buga “North of Boston” a 1914. New England ɗin da ya rubuta ta riga ta fara zama kufai, domin tun buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825 matasa ke barin ƙasa mai duwatsu suna nufar yamma ko masana'antu.

Makaɗin noma a wajen gayya yana zuga manomi ne ya ƙara ƙaimi. Frost sai bayan an tashi daga aiki yake magana, lokacin da jiki ya mutu. A “After Apple-Picking” mai tsinkar tuffa ya gaji da girbin da shi kansa ya yi fata, tafin ƙafarsa har yanzu yana jin matakin tsani, ga ganga ɗaya da bai cika ba. A “Mending Wall” maƙwabta biyu suna haɗuwa duk shekara bayan sanyi su mayar da duwatsun katangar iyaka, alhali ɗaya tuffa yake da ita, ɗaya bishiyoyin katako, babu saniyar da za ta ƙetara. A “Out, Out” zarto mai inji ya cire hannun yaro daidai lokacin da 'yar'uwarsa ta kira cin abincin dare. Ya mutu, sauran suka koma harkokinsu. Masu ɗaukar Frost a matsayin dattijo mai yabon ƙauye ba su yi masa adalci ba. Talauci, kaɗaici da haukan zaman gida nesa da mutane sun cika littattafansa. Ya ci Pulitzer, babbar lambar yabon adabi ta Amurka, sau huɗu.

Ƙasa ɗaya, ido daban

Ga baƙaƙen fatar Amurka, gonar auduga wurin bauta ce, daji kuma mafaka ne ga bawa mai gudu, wani lokaci wurin kisa. A “The Haunted Oak” ta Paul Laurence Dunbar bishiya ce da kanta take ba da labarin reshenta da ya bushe tun daren da aka rataye marar laifi a kansa. Jean Toomer ya koyar a Sparta, jihar Jojiya, a 1921, ya fitar da “Cane” a 1923, cike da gonakin rake, hayaƙin injin katako da waƙoƙin manoman da ke shirin ƙaura zuwa biranen arewa. A 1921 ɗin Langston Hughes ya jera Furat, Kongo, Nilu da Misisipi cikin waƙa guda, ya mai da koguna salsalar mutanensa. An daɗe ana barin irin waɗannan waƙoƙi a wajen kundin waƙoƙin halitta, kuma rashi ne babba. A 2009 Camille Dungy ta tattara na ƙarni huɗu a “Black Nature”. Joy Harjo, 'yar al'ummar Muscogee da aka kora daga kudu maso gabas zuwa Oklahoma, ta zama sha'irar ƙasa a 2019, ta farko daga 'yan asalin ƙasar.

Bayan 1960

Littafin Rachel Carson na 1962 kan illar magungunan ƙwari ya sauya tambayar: da ana neman abin da halitta ke koya wa mutum, yanzu ana duba ɓarnar da mutum ke yi mata. Gary Snyder, wanda ya yi aikin gadin gobarar daji da saran katako, ya ci Pulitzer a 1975 da “Turtle Island”. Mary Oliver ta ci a 1984 da waƙoƙin da ta tsinto a yawonta cikin dazuzzukan Cape Cod. Wendell Berry ya bar koyarwa a New York a tsakiyar shekarun 1960 ya koma gundumarsu a Kentucky, ya daɗe yana huɗa da dawakai, yana rubutu da fensir. Hujjarsa a waƙa da zube ɗaya ce: manyan kamfanonin noma da injuna sun kori ƙananan manoma, gona kuma ba ta samun kulawa idan ta fi ƙarfin idon mai ita. Masu suka suna cewa yana kewar zamanin da ba zai dawo ba, amma alƙaluma suna gefensa a batun korar: gonakin Amurka sun kusa miliyan bakwai a 1935, yanzu suna wajen miliyan biyu.