Makullin ruwan gidanka yana yoyo? Karanta wannan kafin ka ɗauko sufana

Tambayoyin nan na amsa su a waya, na amsa su a ƙofar masallaci, har a wajen ɗaurin aure an taɓa jan hannuna gefe ana nuna min hoton bawul a waya. To ga su nan a rubuce. Duk wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi. Ina magana ne a kan bawul, wato makullin da ke tsayar da ruwan gida, wanda ke ƙarƙashin tanki ko inda ruwa ke shigowa daga layi, da ƙananan da ke bayan banɗaki da kicin. Ban da kan famfon da kake alwala.

Zan iya gyarawa da kaina?

Galibi za ka iya. Wani lokaci ba za ka iya ba. Ya danganta da inda ruwan ke fita, kuma ba ka faɗa min ba.

Ai na ce maka yana yoyo. Me kuma kake so in ce?

Malam, "yana yoyo" ba bayani ba ne. Samo tsumma ka goge bawul ɗin da fayif ɗin da ke samansa su bushe ƙarau, sannan ka tsuguna ka zuba ido. In wurin da duhu, haska da fitilar waya. Ruwa yana bin jikin fayif ya gangaro, sai ka ga ɗigo a bawul alhali daga gindin tanki ya taso. Inda ya fara jiƙewa, nan ne matsalar. Ko dai daga wuya ne, ƙarƙashin hannun da ake murɗawa, ko daga tiredi inda bawul ya haɗu da fayif, ko jikinsa ne ya tsage. Akwai kuma wanda ba ya zubar da ko ɗigo a waje, amma ka rufe shi ruf ruwa bai daina zuwa famfo ba. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Wane iri ne nawa?

In kansa zagaye ne, sai ka yi ta murɗawa kafin ya rufe, get bawul ne ko stop-kok. In hannu ne miƙaƙƙe da ake juyawa sau ɗaya, bol bawul ne: hannu ya bi tsawon fayif, a buɗe yake, ya gitta, a rufe yake. Shi ke nan.

Nawa daga wuya yake ɗiga. Sai na sayi sabo?

A'a, kwantar da hankalinka, wannan ne mafi sauƙi. Dubi ƙarƙashin hannun, za ka ga ƙaramin noti da sandar bawul ɗin ta ratsa ta cikinsa. A ƙarƙashin notin akwai abin da ke matse sandar don kada ruwa ya biyo ta, shi ne ya saki saboda yawan buɗewa da rufewa. Riƙe jikin bawul ɗin da hannu ɗaya, sa sufana a notin, juya shi hannun dama, yadda agogo ke tafiya, kwatan juyi ko ƙasa da haka. Goge, jira, duba. In bai daina ba ƙara kaɗan. Kwatan juyi na ce, ban ce ka gwada ƙarfinka ba. Tagulla ce, tana da taushi, in ka matse ta fiye da kima notin zai tsage ko hannun ya ƙi juyawa.

Noti biyu ne a wurin. Ƙaramin na sama shi ne naka. Babban na ƙasa, wanda ya rufe cikin bawul ɗin gaba ɗaya, kada ka taɓa shi muddin da ruwa a layi.

Na ɗaure, bai daina ba.

To abin da ke ciki ya cinye. Tsayar da ruwan daga sama, kwance sukurun ko notin da ya riƙe hannun, cire hannun, kwance ƙaramin notin ka zare shi. Yago farin tef na famfo, murza shi tsakanin yatsu ya zama kamar zare, naɗa shi a jikin sandar zagaye uku ko huɗu, tura shi cikin ramin da bakin sukundireba, mayar da noti, mayar da hannu. Aikin minti goma ne. Bol bawul na ƙarfe ma wasu suna da irin wannan notin a ƙarƙashin hannu. Amma na roba mai jan hannu, wanda aka manne da gam, in ya fara ɗiga daga wuya ba a gyara shi. Yanke shi ake yi a sa wani.

In na naɗe shi da robar taya fa? Maƙwabcina haka ya yi.

Maƙwabcinka ba gyara ya yi ba, ɓoye ɓarna ya yi. Robar tana riƙewa na ɗan lokaci, rana ta dafa ta, ta tsattsage, ruwa kuma yana nan a ƙarƙashinta yana cin ƙarfe. In da daddare abin ya same ka, ɗaura ta ku kwana. Gari na wayewa ka kwance. Su kuma masu zuba sufa-gulu da yashi a tiredi, Allah ya shirye ku. Ranar da za a zo canza bawul ɗin, sai an yanke fayif ɗin da ba shi da laifin komai.

Ɗigo ne fa kawai. Ba zan iya barinsa ba?

Daƙiƙa 86,400 ce a kwana ɗaya. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana tasar wa jarka guda kullum. Kai da ke jiran 'yan ga-ruwa, ko kake ƙona fetur don cika tanki, yi lissafin wata. Ban ma yi maganar bangon da ke shan ruwan ba, da sauron da ke ƙyanƙyasa a kwatamin.

Babban bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki ne ya ƙi rufewa, kuma babu wani makulli kafin shi. In canza da kaina?

Wannan ita ce tambayar, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, don ban ga gidanka ba.

Da farko kada ka yanke masa hukunci da wuri. Ruwan rijiyar burtsatse yana zuwa da yashi, yashin ya kwanta a ramin da ƙofar get bawul ke sauka, sai ta kasa zama daidai. Buɗe famfo ɗaya a ƙasa, ka yi ta buɗe bawul ɗin kana rufewa a hankali, ruwan da ke wucewa da ƙarfi yakan wanke ramin. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan. In stop-kok ne, washa ce ta mutu, ita za a canza. In kuwa kan yana ta juyawa ba tsayawa, ba ya kama komai, sandar ta rabu da ƙofar a ciki, wannan kam sai sabo.

To in sai an canza, abu na farko ruwan da ke sama. Tanki mai lita 2,000 in ya cika, tan biyu na ruwa ke bisa kanka. Ƙarfin turinsa ba wani abin tsoro ba ne, don kowace mita 10 ta tsawo ba ta ba da fiye da kimanin "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, tankin da ke mita biyar kuwa rabin haka. Amma fayif mai inci ɗaya in ya buɗe, kafin ka lalubo tef ka jiƙe sharkaf, tsakar gida ta zama kududdufi. Masu sana'a suna da dabara: su hau, su naɗa leda da tsumma a kan sanda, su toshe bakin mafitar daga cikin tanki. Tana aiki. Amma ban ce kai ka hau ƙarfen tanki da silifas da jiƙaƙƙen hannu ba. Abin da ya fi maka, kashe injin, a cika jarkoki da bokitai, a bar tanki ya ƙare da kansa, sannan ka fara.

Abu na biyu, da me aka ja layin? In farin fayif ne ko ruwan toka na PVC, kuma akwai sarari kamar taƙi ɗaya a kowane gefen bawul ɗin, to bismillah. Zarto, soket (guntun da ke haɗa bakin fayif biyu), gam, sabon bawul. Sharaɗin kawai wurin ya bushe, don gam ba ya kama jiƙaƙƙen fayif. Shafa a ɓangarorin biyu, tura ka ɗan murɗa, riƙe rabin minti, kuma kada ka saki ruwa nan take. In so samu ne ka ba shi sa'o'i. Sai dai in fayif ɗin ya shekara da shekaru a rana har launinsa ya koɗe, yi hattara, yakan fashe a hannunka tun kafin zarto ya gama shiga. In koren fayif ne na PPR, ajiye gam ɗinka, ba ya cin sa. Da injin zafi ake narka bakinsa a kusan digiri 260 a haɗa. Ba ka da injin, ba ka taɓa riƙe shi ba, kira mai shi.

In kuwa tsohon fayif ne na ƙarfe, irin na gidajen da, nan ne nake jan kunne. Daga waje za ka gan shi garau, ciki tsatsa ta rarake shi, kuma wurin tiredi ne ya fi siranta. Ka ɗora babbar sufana ka danna, maimakon bawul ya kwance sai fayif ya karye daidai fuskar bango. Garin gyaran gira ka rasa ido: aikin bawul ya koma fasa bango da neman birkila. Sannan duba ko akwai yuniyon kusa, wato mahaɗi mai noti a tsakiya da ake kwancewa ba tare da an juya fayif ba. In babu, bawul ɗin da ke tsakanin fayif biyu da ba sa motsi ba zai kwantu ba, duk juyin da ya saki gefe ɗaya yana ƙara ɗaure ɗayan. Dole a yanke.

Akwai wani tarkon da ba a cika lura da shi ba. In bawul ɗin a jikin mafitar tankin yake kai tsaye, kuma ka murɗa shi ba tare da ka riƙe mafitar da wata sufana ba, ita ma za ta juya, robar da ke cikin tanki ta goce. Ka gama sa sabon bawul, ka cika tanki, sai ga ruwa yana bin jikin tankin. Gyaran wannan sai an kai hannu ciki. Saboda haka sufana biyu, kullum: ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya.

Ra'ayina? PVC a fili, tanki babu ruwa, kana da kaya a hannu, yi da kanka. Ƙarfe a cikin bango, ko layi mai injin ƙara ƙarfin ruwa, ko wurin da sai an hau sama, biya mai gyara ka tsaya a kansa ka koya. Tsakanin waɗannan biyun kuwa, kai ka san hannunka. Ko ma wanne ka zaɓa, da safe ake farawa. Kada ka kwance bawul bayan la'asar sannan ka gano soket ɗinka bai yi daidai ba, ko ranar Lahadi da shaguna da yawa a Sabon Gari suke rufe, ka bar Hajiya da yara babu ruwan girki.

Ta ina ake naɗa tef?

Ka fuskanci bakin tiredin, ka naɗa hannun dama. In ka naɗa hagu, bawul na shiga tef na warwarewa. Bar layin farko a fili don kada guntunsa ya shiga ruwa. Siririn tef ɗin da ya cika kasuwa yana son zagaye goma ko fiye.

Wanne zan saya?

Bol bawul. Ba ya son dogon surutu, kuma da kallo kake sanin a buɗe yake ko a rufe. Tafi da tsohon a hannu, ko ka san awonka: rabin inci, uku bisa huɗu, ko inci ɗaya. A Ƙofar Ruwa ko ko'ina, in mai shago ya ajiye maka biyu, ɗaga su ka ji. Mai nauyin shi ne tagulla, marar nauyin fenti ne kawai aka yi masa. Araha ba ta ado. Sayi yuniyon ka haɗa da shi, don wanda zai canza nan gaba ya yi maka addu'a. Kuma kada ka ɗaura namijin tiredi na ƙarfe cikin macen roba ka matse; tsagewa za ta yi, in ba yau ba gobe.

Nawa ne kuɗinsa?

Ni ba shago gare ni ba.

Wanda ke bakin titi, kafin mita, shi ma yana yoyo.

Wannan na hukumar ruwa ne. Kai musu rahoto.

Gidan haya nake.

Ɗaure ƙaramin noti ba ya bukatar izinin kowa. Yanke fayif yana bukata. Sanar da mai gida tukuna, in ba haka ba ranar tashi za ku yi ta.

Na gama gyara, na cika tanki, ruwa ya ƙi zuwa. Na ɓata wani abu ne?

Ba ka ɓata komai ba, iska ce ta shiga layi lokacin da tanki ya ƙare. Buɗe famfunan gidan duka, fara da na ƙasa, ka bar su su yi ta tari da kaki har ruwa ya miƙe. In ɗaya ne kawai ya ƙi, kwance 'yar ragar da ke bakinsa, za ka tarar da yashi da guntun tef. Kuma in kana da hitar wanka, ina fata ka kashe wutarta tun kafin ka zubar da ruwan layi, don in ta kunnu babu ruwa a ciki ƙonewa take yi.

Yaya zan yi kada ya sake faruwa?

Bawul ɗin da aka manta da shi shekara biyar, ranar da ake neman sa ba zai motsa ba. Duk bayan 'yan watanni rufe shi ka buɗe. Get bawul ba a barinsa rabi-rabi don rage ruwa, ko a buɗe sosai ko a rufe. In ka buɗe har ƙarshe, dawo da shi baya kaɗan don kada ya cije. Ka kuma nuna wa mutanen gida inda yake, da ɓangaren da ake juya shi, har yaron da ake aike.