Mallakar ƙasa a yankin Bagauda

Bagauda yanki ne a ƙaramar hukumar Bebeji, kudu da birnin Kano. An san shi da madatsar ruwa da otal ɗin shaƙatawa na bakin tafki, waɗanda aka gina zamanin gwamna Audu Bako (1967–1975). Sunan na sarkin Kano na farko ne, wanda ake cewa ya hau mulki wajejen shekarar 999.

Kafin zuwan gwamnati

Kamar sauran ƙasar Kano, gona a nan ta gado ce. Akwai gandu, wanda gida ke nomawa tare ƙarƙashin maigida, da gayauna ta mutum ɗaya. Gona kan sauya hannu ta hanyar aro, jingina, kyauta ko saye, dagaci da mai unguwa ne shaidu. Ba kasafai ake rubutawa ba. Iyaka ita ce jerin gamba, ko wata tsohuwar kuka da kowa ya sani. Baƙo kan roƙi dagaci ya yanka masa daji, in ya tashi ya bar garin, filin ya koma hannun dagaci.

Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna, dokar 1962 ta ci gaba da hakan. Manomi na da haƙƙin amfani kawai, kuma hukuma na iya karɓe fili don aikin jama'a. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a duk Najeriya.

Diyya

In hukuma ta karɓe fili, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ke kanta: shuka, gini, rijiya, da itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya, ana ƙirga su ɗaya-ɗaya. A nan rigima kan taso a ayyuka irin na madatsar ruwa. Saurar da aka bari ta huta ba ta da abin ƙirgawa. Gandun da ba a raba ba sunan mutum ɗaya ake rubuta masa, magada kuwa suna da yawa. A gonar jingina, mai shuka daban, mai gona daban. Makiyayi da ke bin burtali ba ya shiga takarda sam.

Daga baya

Madatsar ta ɓalle a watan Agustan 1988, ruwa ya ci gidaje da gonaki. Harabar otal ɗin yanzu reshen Kano ne na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.